Kwalin Likita da Tsohuwar Kwamfutata

Jama'a, kafin wata ta shigo wurin sharhi ta ce min mai girman kai, ku tsaya ku ji yadda abin yake tukuna.

A falonmu akwai wani kwali. Yana nan gefen talabijin da ledarsa, ko ƙura Umma ba ta bari ta sauka a kansa. A cikinsa akwai sabuwar laftof ta wasa, irin wadda nake tsayawa kallo ta gilashin shago har mai shago ya fara gyaran murya. Tawa ce in ina so. Ni kuma, da hankalina da komai, na ƙi buɗewa.

Daga gidan su Likita aka aiko da shi. Likitan haƙori ne, ɗan ƙawar Umma, wanda tun farkon zangon karatun nan ya tsiri zuwa gidanmu wai gaisuwa. Ranar da aka sauke kwalin Umma ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta kashe rediyo. In Umma ta kashe rediyo, to magana ce babba.

"Auta, ba mai yi miki dole. Abbanku ya faɗa, ni ma na faɗa. Amma ki sani, ranar da kika sa hannu kika yanke ledar nan, ranar zan ɗaga waya in ce wa mahaifiyarsa kin amsa. Ba a karɓar kayan mutane sannan a ce ana tunani."

"To a mayar musu mana, Umma."

"In mayar? Da wane idon zan kalli matar? Bar shi nan inda yake. Wannan akwalar taki ai ta kusa."

Akwalar da take nufi ita ce Tsohuwa, kwamfutata. Yaya ne ya haɗa ta da hannunsa lokacin yana ɗalibi, da ya sami aiki a nesa ya bar min ita. Baƙin akwati ce mai gilashi a gefe, gilashin ya tsage mun liƙe da salatif. A kanta nake zanen gine-ginen da ake ba mu a makaranta, shi ya sa Abba bai taɓa cewa a fitar da ita ba. A kanta kuma nake buga wasa, kuma ba yabon kai ba, na iya. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, ni ce kyaftin. Akwai Tsawa, akwai Kwaɗo, akwai Mai Gadi. Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba, a wasan muka haɗu. Tsawa da Kwaɗo bakinsu ba ya rufuwa. Mai Gadi kuwa ko muryarsa ba mu sani ba, ya ce makirfonsa ya lalace, rubutu kawai yake yi. Amma in na kutsa gaba, ban taɓa waiwayowa na rasa shi a bayana ba.

Mun kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasa, ranar Asabar da yamma za a buga. Sai a lokacin Tsohuwa ta ga damar fara iskanci. Ana tsakiyar wasa hoto ya dinga tsalle, fanka ta dinga gurnani, can sai ɗif, allo ya yi baƙi. In ta mutu min ranar Asabar, na kunyata mutum uku da suka dogara da ni, ga zanen makaranta na jira. Kuma hanya ɗaya ce ta rage, ita ce ta falo, gefen talabijin.

Kada ku ɗauka na tsani Likita. Ba shi da aibu, yana da tsafta, yana cire takalmi ya jera su kamar za a ɗauki hotonsu. Amma in ya zo sai ya zauna ya yi shiru, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, yana kallon kafet. Ni ban san shi ba. Kuma na rantse ba zan amsa wa namiji don kwamfutata ta mutu ba. In zan ce eh, bakina ne zai faɗa, ba almakashi ba.

Ana haka kuɗin tallafin karatu suka shigo. Da na cire na littattafai da na mota da na buga zane, abin da ya rage abu ɗaya babba zai saya, ko ƙanana biyu zuwa uku. Sai na kai maganar gurup ɗinmu.

Tsawa ya fara: "Katin hoto, Kyaftin, abin da ke fitar da hoton wasa a allo. Ki nemi na hannu ki sa, shi ke nan."

Kwaɗo ya turo dariya: "Ni da ni ne, tuni na buɗe kwalin. Ki tambaya min ko Likita na da ƙanwa."

Sun san labarin kwalin, don ni da bakina na ba su. In muna jiran a fara wasa, hira nake zuba musu ta makirfo. Na ce musu mutumin in yana min magana haƙorana yake kallo ba idona ba. Na ce in ya yi sallama sai ka ɗauka batirinsa ya kusa ƙarewa. Har muryarsa na kwaikwaya musu, Kwaɗo ya yi dariya har ya ƙware. Allah ya yafe min, ni dai a lokacin daɗi abin yake min.

Can sai ga saƙon Mai Gadi, gajere kamar kullum: "Kada ki sayi kati. Fara da akwatin wuta. Ya gaji."

Akwatin wuta shi ne ɗan akwatin ƙarfen da ke ƙasan kwamfuta, wanda ke karɓar wutar bango ya raba wa sauran kayan. Na taɓe baki. Abin da ba ya ƙara gudu, ba ya ƙara kyan hoto, shi zan zuba wa kuɗina?

"Na ji, malam," na rubuta. "Bari in bincika da kaina."

Na kuwa bincika. Na sa manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na zuba ido. Da na kunna wasa sai zafi ya dinga hawa yana hawa, har Tsohuwa ta kashe kanta don kada ta ƙone. To zafi ne. Amma me ya kawo shi yanzu, bayan shekaru tana aiki lafiya?

Amsar ta same ni ranar Laraba, da malami bai zo ba na dawo gida da wuri. Na bar Tsohuwa a kunne tana haɗa hoton wani zanen bene, aikin da ke cin awoyi. Ina tura ƙofar ɗakina na tsaya cak. Babu Tsohuwa. A inda take sai wani tudu lulluɓe da farin leshi mai kauri, an tura shi lungu ya manne da bango, an ɗora masa tulun furen roba a ka, daidai kan ramukan da iska ke fita. Ta ƙarƙashin leshin kana jin baiwar Allah tana nishi.

"Umma!"

Ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Lafiya kike min ihu kamar an yi gobara?"

"Saura kaɗan ai! Umma, ke ce kike rufe ta?"

"Kullum kuwa. Kina fita nake rufewa, kafin ki dawo in cire don na san halinki. Tunda mutane suka fara zuwa gidan nan, sai in bar baƙin akwati tsirara da wayoyi kamar hanji? In mahaifiyar Likita ta ce za ta leƙa ɗakinki fa?"

"Numfashi take yi, Umma! Ta nan take shaƙa, ta nan take fitarwa. Kin toshe mata hanci da baki."

Umma ta kalli leshin, ta kalle ni. "Leshin nan ya fi ta tsada," ta ce, ta naɗe abinta ta fita.

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Na gano ciwon, kuma ni na gano shi, ba wani ƙato ba.

Washegari na zura baƙar abayata, na yafa mayafi ruwan toka, na sa takalmin da ba ya jin tafiya, na nufi layin masu kayan kwamfuta. Shagon da nake zuwa ɗan tsukuku ne, kaya har rufi, fankar sama na juyawa kamar ba ta so. Mai shagon na ganina ya zaro wani katin hoto na hannu, dogo mai fanka uku, ya ajiye a gabana.

"Hajiya ƙarama, wannan naki ne. Ki sa shi ki manta da matsala."

Wallahi zuciyata ta motsa. Na ɗauka, na juya shi, na ji nauyinsa. Amma tun a gida na auna cikin Tsohuwa da rular zane, na san wannan ko da addu'a ba zai shiga ba. In ma ya shiga, zai cinye kuɗin kaf, ya ƙara mata zafi a kan zafi, ya ja wutar da ba ta da ita. Mai zazzaɓi ba a ɗora masa buhu.

"Ajiye shi, Alhaji. Ba ni man sanyi, mai kyau ba na bogi ba. Ba ni fanka ɗaya babba. Sannan ram nake so, ɗan sillen nan da ke ba ta damar riƙe aiki da yawa lokaci guda, irin wannan sak." Na nuna masa hoton wanda ke cikin Tsohuwa a wayata, da lambobinsa. Guda ɗaya Yaya ya sa mata, ramin na biyu na nan a buɗe, shi ya sa in na haɗa wasa da hira take shaƙewa.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Wa ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

Sai da na sa ya gwada ram ɗin a gabana kafin na biya. Ina juyowa zan fita idona ya faɗa kan jerin akwatunan wuta a kanta. Saƙon Mai Gadi ya faɗo min. Na taɓa jakata, ta yi shafal. Na ce a raina, zango mai zuwa in Allah ya kai mu, na yi gaba.

A gida na shimfiɗa tsofaffin jaridun Abba a ƙasa, na kwance Tsohuwa. Ƙurar da na gani, ku bar ta kawai. Da burushin hodata na share ta, sabo fil, ban ko ji zafinsa ba. Na ɗaga abin sanyaya ƙwaƙwalwarta, na tarar man da Yaya ya shafa tun tuni ya bushe ya zama kamar busasshen fenti. Na goge tas, na ɗiga sabo ɗan ƙwaya ɗaya a tsakiya, na mayar na ɗaure. Na kafa fanka a gaba tana jawo iska ciki. Na danna ram har ya ce ƙas. Na jawo tebur nesa da bango, na danna maɓalli da bismillah.

Kai! Kun ga yadda yaro ke tashi daga zazzaɓi ya nemi abinci? Haka Tsohuwa ta tashi. Zafi ya sauka, hoto ya daina tsalle, muka buga wasa bayan wasa ko tari ba ta yi ba. Na wuce ta falo ɗaukar ruwa, na kalli kwalin na ce masa, "Sannu da zama."

A gurup na cika baki son raina. Tsawa ya sara min. Kwaɗo ya ce Likita ya yi asara. Mai Gadi ya rubuta: "Aikinki ya yi kyau. Kukan fa?"

"Wane kuka?"

"Siriri, kamar na sauro. In wasa ya yi zafi yana fitowa ta makirfonki. Yau ya fi na jiya."

Na cire abin kunne na saurara. Akwai shi kam, can ƙasa-ƙasa, amma na saba da shi har na daina ji. "Sauron ɗakinku ne," na rubuta, na bi da dariya.

Ranar Asabar Umma ta tashi da goge-goge. Da na ga an fito da kofunan da ba a taɓawa, na san akwai magana.

"Likita zai zo da rana. Ki sa doguwar rigar nan ruwan zuma, ba wannan rigar Yayanki mai kama da buhu ba."

"Umma, yau fa gasa."

"Gasarki da yamma ce. Gaisuwa ba ta cin awa."

Na sa rigar, na ɗan zizara kwalli don kada a ce na yi da gayya. Ya zo cikin farar riga mai dogon hannu, ya jera takalmansa, ya riƙe kofi da hannu biyu. Na gaishe shi, ya amsa wa kafet. Yau ma kamar ya fi kullum rashin sukuni, sai ya buɗe baki ya rufe. Na ba shi minti kaɗan na ce zan shiga gwaji da 'yan ƙungiya.

Tsawa da Kwaɗo na nan, Mai Gadi bai hau ba. "Ya ce yana wani uzuri," in ji Tsawa. Muka fara mu uku. Tsohuwa na gudu kamar sabuwa, ina ba da umarni, "Ku bi ta hagu, ta hagu na ce!" Sai kukan sauron nan ya ƙara tsini, ya ƙara, sannan na ji fat! Allo ya mutu. Wani wari kamar an ƙona roba ya tashi daga ƙasan akwatin.

Na danna maɓalli. Shiru. Na canja soket. Shiru. Na danna, na danna, har yatsana ya yi zafi. Wayata ta hau ruri: "Kyaftin ina kike?" "Kyaftin kada ki yi mana haka yau." Jakata babu ko na mota, shago ya yi nisa, yamma na matsowa. Na zauna a ƙasa cikin rigata ruwan zuma, hawaye suka zubo da kwallin gaba ɗaya. Haushin kaina nake ji, don an faɗa min, har sau biyu.

Na share fuska na fito falo. Warin ya riga ni isa. Umma ta dube ni, ta dubi kwalin. Ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauko almakashi ta ajiye a saman kwalin, a hankali, kamar mai ajiye wa baƙo ruwa.

Na tsaya a gabansa. Mutum uku na jirana. Na ɗauki almakashin.

"Kada ki buɗe."

Na juyo. Likita ne, a tsaye, kuma yau idona yake kallo.

"Umma, a yi min izini, minti ɗaya." Ya fita wajen motarsa, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ya dawo da wani abu naɗe a tawul, ya ajiye a kan teburin cin abinci ya buɗe. Akwatin wuta ne, wayoyinsa a naɗe tsaf da roba, da 'yar ƙura a fankarsa.

"Wannan ba kyauta ba ce," ya ce, yana kallon Umma. "Aro ne. Na hannu ne ma. In ta sayi nata zango mai zuwa ta dawo min da shi. Aro ai ba amsa ba ne, ko Umma?"

Umma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kau da kai.

Ni kuwa kaina ya ɗaure. "Ya aka yi ka san abin da ya ƙone?"

Ya sosa ƙeya. "Na daɗe ina jin kukansa. Ta makirfonki."

Jama'a, ƙasa ba ta tsage ba. Na roƙe ta, ta ƙi.

"Mai Gadi?"

"Ranar da na fara zuwa gidan nan na ji ki daga ɗaki kina cewa a bi ta hagu. Na gane muryar. Kwalin kuma ba ni na zaɓa ba, su Mama ne suka haɗa da Umma. Na so in faɗa miki, to a daren ne kika kwaikwayi sallamata a gurup." Ya ɗan yi murmushi. "Kin iya sosai. Sai na rasa ta inda zan fara."

Duk abin da na faɗa ya dawo min ɗaya bayan ɗaya. Haƙora. Batir. Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya, don shi ma ai ya zauna ya yi shiru yana saurare. Na ce a raina wannan shari'ar sai an zauna. Yanzu ba lokaci.

Na kinkimo Tsohuwa na kawo teburin falo. Ni na kwance ta, shi yana riƙe min fitilar waya, bai sa min hannu ba sai da na ce miƙo. Na cire ƙonannen, na ɗaura nasa, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina addu'ar kada wutar ta tafi da wani abu. Na danna. Sabuwar fankata ta juya, allo ya kawo haske. Na yi wani ihu har Abba ya leƙo daga ɗakinsa ya koma.

"Sai ka yi sauri ka koma gida," na ce, ina haɗa abin kunne. "An kusa farawa."

Ya girgiza kai. "Daga cikin tawa na ciro shi da safe. Yau ba ki da mai gadi, Kyaftin. Ku nemi wani."

Na tsaya da waya a hannu. Ya kwance kwamfutarsa, ranar gasar da shi ma ya sha wahala ya kawo mu, don kada in yanke leda ba da son raina ba.

Na ɗauki almakashin nan, na juya shi, na miƙa masa ta wajen mariƙi.

"Kwalin gidanku ne. Kai za ka buɗe, ba ni ba. Ka zauna can ƙarshen tebur, zan tura maka wasan daga Tsohuwa. Ba na shiga fili bayana a buɗe."

Ya kalle ni, ya kalli almakashin, ya karɓa. Ƙarar yanke ledar ta cika falon. Muka ja waya tsakanin kwamfutocin biyu, Tsohuwar da Umma ke kira akwala ta fara ɗura wa sabuwa wasa.

Umma na tsaye da wayarta a hannu, ta kalli kwalin a buɗe, ta kalle ni, ta kalle shi.

"To ni yanzu me zan ce wa mahaifiyarsa? An buɗe ne ko ba a buɗe ba?"

Na sa abin kunne. Tsawa na ta ihu, Kwaɗo na tambayar ina muka shiga. Sai na ji ɗan ƙaramin ƙas, alamar wani ya kunna makirfo. Sunan Mai Gadi ya yi haske a allo, karo na farko tun da muka san shi.

"Salamu alaikum," ya ce, da wannan muryar tasa mai kama da batir ya kusa ƙarewa.

Can Kwaɗo ya ce, a hankali, "Kyaftin... wannan muryar ai na san ta."

Na ɗago. Daga can ƙarshen tebur yana kallona, ba haƙorana ba.

"Kyaftin," ya ce, kowa na ji, har Umma, "Umma ta yi tambaya. In mun ci wasan nan, ni ma ina da irinta."

Allo ya fara ƙirga fara wasa. Ni da ban taɓa shiga fili ina tsoron mu ci wasa ba, na kama linzamin kwamfuta na ji tafin hannuna ya jiƙe.